Sifikun Cikin Waya

Asabar, 4 ga Mayu, 2024

An tashi daga walimar gidan Alhaji Uwais. Na kwaso kayana a keke raina a ɓace. Sifikuna biyu, waɗanda na haɗa akwatinsu da hannuna tun ban yi aure ba, sun fara mutuwa. Muryar mai wa'azi tana fita kamar daga cikin bargo. Na yi ta ƙara kaifin sauti har maɓallin ya ƙure, duk da haka a dushe. Mutane suna ta waiwayowa suna yatsine fuska. Ni Abatcha, da ake cewa in na kafa kaya a Nguru ko gyaran murya malam ya yi na ƙarshen layi sai ya ji. Yau ni ake wa wannan kallo.

Litinin, 6 ga Mayu

Saleh, abokina mai shagon kayan sauti a Gashua, ya turo min bidiyoyi daga intanet. Sifikun Turai ne masu tsayin mutum, katakonsu sai sheƙi. Bature ya zauna a kujera ɗaya tsakiyar ɗaki, ya lumshe ido. Na sa abin kunne na saurara. Ta farko dirinta ya yi, amma babu kaifi. Ta biyu ma haka. Na rubuta musu a ƙasan bidiyon da ɗan Turancina cewa a dushe suke. Wani ya amsa min da fuskar dariya. Ya ci gaba da dariya, ni kunne nake ci da shi.

Alhamis, 9 ga Mayu

Data ta ƙare a kan sifikun da ba zan taɓa ko shafa su ba.

Lahadi, 12 ga Mayu

Matata Gumsu ta yi fushi. Wai tana ta kirana daga kicin na yi banza da ita har tuwo ya huce. "Baban Bintu, wayar nan ta fi ni ne?" Na ce ai ita ce ta koma magana ciki-ciki tunda muka tsufa. Ta dube ni, ta juya ta koma kicin. Da ma ta yi faɗan, da ya fi min sauƙi.

Wani abu kuma, saurayen bana ba sa kuka, sai cizo kawai. Na faɗa mata. Ta ce ita kukansu ne ma yake hana ta sakat.

Laraba, 15 ga Mayu

Gidan Malam Muhammad Auwal za su yi saukar karatu, sun ɗauko mai sauti daga wani gari. Ni na yi musu sauti a sunan duk 'ya'yansu. Ya gan ni a kasuwar kifi, ya gaishe ni da fara'a fiye da kima, ya yi sauri ya wuce. Abin ya yi min ciwo ƙwarai.

Na yanke shawara zan rabu da tsoffin sifikun nan. Saleh ya sauke sababbi, ya ɗauke su a bidiyo ya turo. Na ce masa su ma a dushe. Ya kira ni yana dariya. "Mutumina, wayata ce ta ɗauka, wayarka ce ta fitar. Sifikar da kake ji ita ce 'yar mitsitsiyar da ke kunnenka. Taho ka ji da kanka."

Gaskiyarsa ce, kuma na ji sanyi. Ashe waya ce.

Asabar, 18 ga Mayu

Gashua. Zan rubuta yadda abin ya faru, ko zan huta.

Saleh ya fito da sababbin sifikun bakin shago, ya tayar da janareta, ya sa karatu. Masu wucewa suka tsaya. Wani mai lemo ya ce kamar alaramman na tsaye a gabansa. Saleh ya dafa ni. "Ka ji wannan kaifin? Har numfashinsa!"

Na ce na ji.

Ban ji ba. Bargon nan ne dai, irin na sifikuna, irin na Turawan cikin waya. Na miƙa hannu na murɗa maɓallin kaifi kamar yadda na saba. Sai na ga mai lemo ya toshe kunne, Saleh ya yi wuf ya mayar da shi. "Kai, Abatcha, za ka fasa mana kai!" Wai ƙara ce ta tashi, siririya, irin wadda makirfo ke yi in ya kusanci sifika. Ni da nake koya wa mutane yadda ake kashe ta.

Fuskar mai lemon nan ita ce fuskar mutanen walimar Alhaji Uwais.

Saleh ya gane. Ya yi ta goge ƙura a kan akwatin da babu ƙura. Da zan hau mota ya ce, "Akwai masu duba kunne, ka je." Na ce zafi ne ya dame ni. Duk hanyar Nguru ina tuna shekarun da na yi ina tsaye jikin sifika, janareta a bayana, ina alfahari ba na gajiya.

Lahadi, 19 ga Mayu

Ban fita ba.

Laraba, 22 ga Mayu

Na share abin da na rubuta wa Turawan. Na shiga shagona na zauna gaban tsoffin sifikuna. Lafiyarsu ƙalau, kuma na kusa sayar da su a kan laifin da ba nasu ba. Tsoro nake ji. Ban iya wata sana'a ba, kuma in maganar ta fita Nguru, babu mai sake kirana.

Gumsu ta kawo min shayi har shago. Ta zagayo gabana kafin ta yi magana, ta buɗe baki sosai. Sai na lura ta daɗe tana yin haka. Tun yaushe, ban tambaya ba.

Asabar, 1 ga Yuni

Walimar auren 'yar ƙanwar Gumsu. Aikin dangi ne, shi ya sa aka ba ni. Gumsu ta zauna a bakin rumfar mata, inda nake hango ta daga wajen kayana. Da safe ta ce min, tana ninke zani ba ta kalle ni ba, "In ka ga na taɓa ɗankwalina, ka rage kaifin." Na ce ba na bukata.

Ta taɓa. Na rage. Can ta sake taɓawa, na sake ragewa. Daga nan hannunta bai ƙara tashi ba. A kunnena malam yana cikin bargonsa har aka shafa, amma babu wanda ya waiwayo. Alhaji Uwais ya zo ya riƙe hannuna ya ce, "Baba Abatcha, ashe ka canja kaya." Na ce a'a, su ne dai.

Wai asibiti ranar Litinin, in ji Gumsu. Zan raka ta ne kawai, dama tana kukan ƙafa.

Bayan la'asar na buɗe bidiyon Turawan nan na kalla har ƙarshe. Katako mai kyau, aikin hannu mai kyau. Ban kunna sautin ba.