Kwalbar Awon Madara da Mutuncin Hanne

Zuwa ga Babban Duba-gari,

Ranka ya daɗe, gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fata kana lafiya, da iyali, da gajiyar aiki. Ni makiyayi ne a Lajawa. Bana na gama ajin yaƙi da jahilci, don haka a yi haƙuri da rubutuna.

Na farko. Ran Juma'ar da ta wuce, ma'aikacinka ya shigo kasuwar Wudil da wata 'yar kwalba mai dogon wuya, wai daga Ingila aka kawo ta don gane madarar da aka surka da ruwa. Ya tsoma ta a ƙwaryar matata Hanne, ta nutse ta wuce wani jan layi. Nan take ya sa aka zubar da madarar a gaban jama'a. Hanne ta dawo gida, ko tuwo ba ta iya ci ba, ni ma raina ya ɓaci ƙwarai.

Na biyu. Kwalbar nan kuma ta wanke wata mai talla tas, wadda kowa ya san sai ta kwashe man, ta biya ta bakin kogi, sannan ta shigo kasuwa. Ba zan faɗi sunanta ba, muna gaisawa da mijinta.

Na uku. Na gayyaci ma'aikacin zuwa ruga. Mutumin kirki ne, ya zo a kekensa da sassafe. Aka wanke ƙwarya, aka tatsi saniya yana tsaye, madara har tana kumfa. Ya tsoma kwalba, ta nutse fiye da yadda ta yi a kasuwa. Ya dubi kwalba, ya dubi saniya, ya sosa ƙeya. Wallahi har shi sai da ya yi dariya. Ashe duk shekarun nan saniyata ce ke ha'intar mutanen Wudil ban sani ba!

Ranka ya daɗe, ban san shanun Ingila ba, amma na tabbata ba karan dawa suke ci ba, kuma ba ranarmu suke sha ba. Ko sabon mudu sai an gwada shi da tsoho kafin ya shiga kasuwa. Ita wannan kwalba, wa ya gwada ta da madarar shanunmu?

Roƙona shi ne a jingine ta tukuna. A ajiye ƙorai biyu, ɗaya tsantsa, ɗaya da ruwan da ku kuka zuba da hannunku, a ga ko za ta bambance su, da safe da kuma tsakar rana.

Madarar da aka zubar na yafe. Amma masu sayen madarar Hanne sun watse, har an fara nuna ta da baki. Tunda a gaban jama'a aka kunyata ta, ina roƙon ma'aikacinka ya zo wannan Juma'ar, ya tsuguna gaban ƙwaryarta, ya sha ludayi guda kowa na kallo. Furar da za a dama masa kyauta ce.

Allah ya ƙara maka girma da lafiya, ya ba ka ikon yin adalci.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Bappa mijin Hanne, Lajawa