Ƙarafunan Bangon Banɗaki

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Kwamitin Sasanta Masu Gidaje da 'Yan Haya
Daga: Mai Walda, tsohon ɗan hayar sashen baya, gida mai koren ƙyaure, layin famfo
Kwanan wata: 19 ga Mayu, 2024

Game da: Riƙe mini kuɗin ajiya saboda ƙarafunan da na kafa wa mahaifina

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon izinin gabatar da kukana kamar haka:

1. Na kama sashen nan a watan Janairun 2019. Na ajiye wa mai gidan kuɗi daidai da hayar wata uku, bisa sharaɗin zai mayar mini ranar da na tashi muddin ban yi ɓarna ba.

2. A watan Yulin 2022 mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki. Da yake walda ce sana'ata, na ƙera ƙarafunan dafawa na kafa a bango, daga ƙofar ɗakinsa har banɗaki, don ya riƙa zagayawa ba sai an riƙe shi ba. Sai da na nemi izinin mai gidan. Ya sa mini albarka, har shi ya riƙe mini tsani.

3. A ranar 30 ga Afrilu na tashi, domin ya ce yana bukatar sashen. Na miƙa masa makulli ba tare da mun zaga ɗakunan tare da shaida ba. Mai gidan nan da nake kira Baba, wanda ya yi wa ɗiyata huɗuba, ina zan iya buɗe baki in ce masa a kira shaida?

4. A ranar 6 ga Mayu ya aiko mini cewa na huda masa bango, kuɗin sun tafi gyara. Na ce to a ba ni ƙarafunana, aka ce abin da ya shiga bango ya zama na gida. Ba a gyara komai ba, ranka ya daɗe. Yayarsa mai ciwon ƙafa ce a sashen yanzu, kuma su take dafawa. Ban yi mata baƙin ciki ba, Allah ya ba ta lafiya.

5. Yanzu muna raɓe a gidan surukina, hawa na biyu, banɗakin kuma yana ƙasa. Goya mahaifina nake yi. Na samu ɗakin haya a ƙasa a wani gida, amma mai shi ya ce ƙarshen wata zai ba wani idan ban kawo kuɗin ajiya ba. Ba ni da su, kuma babu wanda ban roƙa ba.

Don haka ina roƙon kwamiti ya aika a duba bangon, ya kuma sa a mayar mini da kuɗina kafin 31 ga Mayu. Ba ni da takarda, ba ni da lauya, ban ma san ko ƙorafi irin nawa yana karɓuwa ba. Abin da na sani shi ne mahaifina ya daina shan ruwa daga safe har sai na dawo daga aiki. Ya ce wai ba ya jin ƙishi. Matata ce ta gane cewa ba ya son a kira ni daga shago in zo in goya shi.

Na gode da lokacinku. Allah ya ƙara girma.

Naku cikin ladabi,
Mai Walda
(sa hannu)