Takalmin Innarsa yana cikin jakata

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin, don girman Allah ka ɓoye sunana, akwai 'yan garinmu a cikin gurup ɗin nan. Don Allah ku ba ni shawara, kwana huɗu kacal suka rage mini, kuma kaina ya kulle.

Ni ɗan Najeriya ne, shekarata biyar ina aiki a Madina, a wani sito da ake tsince dabino ana zuba shi a kwali. Ina da aboki, bari in kira shi Sabi'u duk da ba sunansa ba ne, shi gyaran AC yake yi. Ƙaramar hukumarmu ɗaya, ɗakinmu ɗaya a unguwar Harra ta Yamma, kwanonmu ɗaya, in na yi zazzaɓi shi ke dama mini kunu yana mita. Kwantiraginmu ya ƙare kusan lokaci guda, an buga mana huruj niha'i, wato bizar fita ta ƙarshe, wadda in ka fita da ita shi ke nan, dawowa kuma sai wani ikon Allah.

Tun shekara biyu da suka wuce Sabi'u ya ƙwallafa rai a kan wata tafiya. Wasu samari ya gani a harabar Harami da manyan jakunkunan goyo, suka ce masa ƙasa-ƙasa suke bi a mota, daga ranar bai bar ni na huta ba. Kullum maganarsa ke nan, mun yi shekaru a ƙasar waje amma ba mu san ko'ina ba sai ɗaki, wurin aiki, Harami. Da farko dariya nake masa, mutumin da hawa bene uku ke sa shi haki wai shi ne zai zaga duniya da jaka a baya. A hankali ni ma abin ya shiga raina. Muka tsara za mu hau bas zuwa Tabuka, mu tsallaka Jodan, mu shiga jirgin ruwa zuwa Masar, mu ɗan zaga Alƙahira, daga can mu hau jirgin Kano, mako uku gaba ɗaya. Biza ta ba mu wuya sosai amma ta fito, kayanmu masu nauyi mun tura ta kago, kowa ya rage jakar goyo ɗaya. Kuskurenmu shi ne ba mu gaya wa kowa a gida ba, don mun san za a ce mun haukace. Mun ce musu dai ranar Alhamis za mu bar Madina, suka ɗauka Juma'a muna gida, mu kuma niyyarmu sai mun tsallaka boda mu faɗi gaskiya.

Asabar ɗin makon jiya ina wurin aiki yayan Sabi'u ya kira ni, abin da bai taɓa yi ba. Ya tambaye ni ko ni kaɗai ne, na ce eh, ya ce Innarsu ta rasu ranar Juma'a da safe, an yi jana'izarta bayan an sauko daga masallaci. Ban gama salati ba ya haɗa ni da Allah kada in gaya wa Sabi'u, wai manya sun zauna sun yanke ba za a faɗa masa a waya ba, sai ya iso gida ya sha ruwa ya zauna cikin 'yan'uwa, sannan kawunsu ya gaya masa. Kun san yadda ake yi a wajenmu. Kuma suna da dalili, don lokacin da babansu ya rasu a waya aka faɗa wa Sabi'u yana kan tsani, ya faɗo, kwanansa biyu a asibiti, tun daga nan yake shan maganin hawan jini. Ni ne na yi jinyarsa, don haka na san ba ƙarya Yaya yake yi ba. Cikin ruɗewa na ce na yi alkawari.

Sai da na kashe wayar na tuna Yaya bai san da maganar mako uku ba. Na sake kiransa na faɗa masa, ya yi ta faɗa kamar zai fito ta cikin wayar, wai mu ba yara ba ne, wane irin yawon banza ne wannan, in san yadda zan yi in soke tafiyar in kawo masa ƙaninsa ranar Juma'a, amma ban da faɗar dalili. Na ce Yaya ta yaya zan soke abin da mutum ya shekara biyu yana mafarkinsa ba tare da dalili ba? Ya ce wannan kuma matsalata ce, tunda da ni aka ƙulla.

Na gwada. Na ce wa Sabi'u jikina ba ya mini daɗi, mu wuce gida kawai. Wallahi tunda muke ba mu taɓa faɗa irin na ranar ba. Ya ce dama ya san ni matsoraci ne, wai yarinyar da zan aura ce take ja na ta waya, in ba zan je ba shi zai tafi shi kaɗai, halas, magana ta ƙare. Ni kuma ina da zuciya, saura kaɗan in watsa masa maganar a fuska don ya yi mini shiru, Allah ya taimake ni na fice daga ɗakin. Da na dawo na tarar ya ajiye mini shinkafa a rufe, sai na ce to za mu je. Ba zan bar mai hawan jini ya shiga hanya shi kaɗai ba, ga shi kowace rana wani zai iya tura masa ta'aziyya ta WhatsApp yana tsakiyar ƙasar da bai san kowa ba.

Kuma hakan ya kusa faruwa. Ranar Laraba mun je unguwar Bani Harisa sallama da wani dattijo ɗan yankinmu, muna zama ya kama hannun Sabi'u da hannu biyu ya sunkuyar da kai, na gane abin da zai fito daga bakinsa. Na yi wuf na ce Baba ina son ganinka a waje, na ja shi na roƙe shi. Sai ya ce, "Yaro, wallah wannan haram ne, kun zalunce shi. Yana garin Manzo, uwarsa ta rasu, ku hana shi ya ɗaga mata hannu a Harami?"

Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Inna ba ta taɓa zuwa ƙasar nan ba, Sabi'u ya sha yi mata alkawarin Umra bai samu iko ba. In ya sani yau, yana da kwana huɗu, zai iya zuwa Makka ya yi mata Umra ya dawo, ya yi mata addu'a a Rauda, ya hau jirgi kai tsaye ya tarar da 'yan'uwansa. In muka tsallaka boda ranar Alhamis wannan ƙofar ta rufe, wataƙila har abada. Ranar da ya gane na sani tun muna Madina, ina tafe da shi muna ɗaukar hoto a bakin teku, ban san da wane ido zan kalle shi ba. In kuma na faɗa masa ya yanke jiki ya faɗi, me zan ce wa Yaya, bayan na yi alkawari da sunan Allah?

Shi dai har yanzu bai zargi komai ba. Inna ba ta riƙe waya, ta wayar Yaya suke gaisawa, Yaya kuma ya ce masa ta tafi ƙauye wajen ƙanwarta inda babu netwok. Jiya bayan la'asar ya ja ni kasuwa ya saya mata takalmi mai taushi saboda ciwon ƙafarta, ya daɗe yana lanƙwasa shi yana gwada laushinsa. Da muka dawo ɗaki jakarsa ta ƙi rufuwa, sai ya miƙo mini ya ce, "Sa mini a taka, amma ka kula kada ya lotse, da hannuna nake so in saka mata."

Na karɓa na saka. Yanzu haka jakar tana jingine a gabana, shi kuma yana wanka yana ta waƙe-waƙensa. Jama'a, in karya alkawarin Yaya in gaya masa tun yana Madina, ko in goya takalmin nan mako uku ina yi masa dariya? In faɗar ce ta fi, ku gaya mini yadda ake fara irin wannan magana, don ni na rasa kalmar farko.