Mutumin da Bai Nemi Ragi Ba

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kuna lafiya, kai da Gwaggo da yara, kuma ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mu ma nan mun gode Allah. Inna tana samun barci yanzu, Auta kuma ta fara koyon ɗinki.

Kawu, ka taya mu murna, Allah ya ba gidanmu mai ido. Yaya ya kai matsayin da kallo ɗaya zai yi wa mutum ya karanta abin da ke cikinsa. Duk shekarun da ya yi yana gyaran firji ba a taɓa cutarsa ba, yanzu ma an daina zuwa balle a cuce shi. Karatun nasa guda ne: duk wanda aka faɗa wa kuɗin aiki bai nemi ragi ba, to ba shi da niyyar biya.

Kwanan baya wani mai ɗakin sanyi da ke ajiye kifi ya zo shagon, yana neman wanda zai riƙa kula masa da injinansa duk wata, irin aikin da masu gyara ke rububi. Yaya ya yanka masa kuɗi, mutumin ya ce ya amince. Nan take Yaya ya haɗe rai ya ce aiki ya yi masa yawa, alhali ba abin gyara a shagon sai tsohon firjin Inna da gizo-gizo ya yi wa labule.

Ni da na tsufa a kasuwa na san wanda kifinsa ke narkewa ba ya tsayawa ciniki. Na rufe rumfa, na bi mutumin, na ajiye kunya a gefe na roƙe shi ya dawo ya nemi ragi, ko na wasa ne. Ya yi dariya har da riƙe ciki, amma washegari ya dawo, ya yi ta ja kamar mai sayen akuya. Yaya ya bari sai da ya gama, sannan ya ce jiya ba ciniki, yau ciniki, ruwa ba ya tsami banza, akwai wanda ya kitsa masa.

Kawu, dariyar da nake yi ta fi kuka ciwo. Yaran shagon sun koma wurin wani. Tukunyar gidansa daga rumfata ake ɗora ta, rumfar kuwa ta fara nuna haƙarƙari. Mai kifin ya ce zai jira zuwa ƙarshen wata saboda ni, daga nan ya nemi wani. Na yi magana, an ce ƙanwa ce ni, me na sani. Inna ta yi, an ce tausayi ne irin na uwa. Kai ka koya masa riƙe sifana, maganarka kaɗai ke shiga kunnensa. Don girman Allah ka kira shi kafin wata ya mutu. Kada ka ce ni na faɗa maka.

Ka gaishe min da Gwaggo da Dogo da Ƙarama da mai jego. Inna da Auta suna gaisuwa.

'Yarka,
Mai Kwanuka

Af, na manta. Jiya ya sayar da injin waldarsa. Mai sayen ya yi ta neman ragi har ya karɓe shi kusan kyauta, Yaya ya raka shi bakin titi yana cewa yau ya ga mutumin kirki. Saura tukunyar gas da akwatin sifanu. In su ma suka bi mutanen kirki, da me zai yi gyaran, da idon?