Kabad ɗin Inna da Bangon Baba

Panshekara, Kano
Fabrairu, 1979

Zuwa ga Yayata Rakiya, a Damagaram.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam Isyaku da yara gaba ɗaya. Allah ya ƙara muku rufin asiri, ya raya mana zuri'a, ya jiƙan Baba ya haskaka makwancinsa. Mu ma nan lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Inna tana nan da ƙarfinta, sai ciwon gwiwa da yake taso mata idan sanyi ya sauko, bakinta kuwa babu abin da ya same shi. Yaya Tijjani ya samu ƙarin girma a masaƙarsu ta Bompai, yanzu shi ne ke duba masu rini, har ya fara ajiye tumbi. Matata Zaituna ta yaye Abba ba tare da wata wahala ba. Ni kuma ina nan a kamfanin kwanuka na Sharada, kullum ina gaban wuta ina gasa langa da fanteka.

Na san kin duba saman takarda kin ga Panshekara maimakon Sharada, kin ce Gwadabe ya fara ruɗewa. Ban ruɗe ba, Yaya. Mun tashi. Abin da aka daɗe ana raɗe-raɗinsa ya tabbata: bayan damina aka zo aka auna unguwarmu, gidanmu ya faɗa cikin filin da za a gina sabuwar masana'anta, aka ba kowane gida fili a nan Panshekara, aka ce kafin sanyi ya wuce kowa ya kwashe nasa domin katafila za ta shigo. Ban rubuto miki a lokacin ba saboda ba na son in aiko miki da tashin hankali alhali ba ki da yadda za ki yi daga can. Yau da nake riƙe da biro baki har kunne nake, shi ya sa zan ba ki labarin tun daga tushe.

Maƙwabta suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Mu ma ni da Yaya Tijjani muka yi ɗakuna na bulo a sabon filin, muka ware wa Inna wanda ya fi kowanne shan iska. Ranar da muka je mu gaya mata ta fara ɗaure kaya, sai ta tambaye mu wace dabara muka yi wa kabad ɗinta. Wallahi, Yaya, har ga Allah babu wanda ya tuna da shi a cikinmu. Mun saba ganinsa a jikin bangon gabas kamar tare aka halicce su. Kin dai san tarihinsa kin fi ni, tunda ke kin yi wayo lokacin da Baba ya turo shi a amalanke tun daga Bompai, da Baturen da yake yi wa aikin lambu zai koma ƙasarsu ya bar masa. Abin da ni ban taɓa sani ba shi ne, ba shigar da shi ɗakin aka yi ba. Baba ajiye shi ya yi a tsakar gida a kan duwatsu saboda gara, sannan ya zagaye shi da gini. Ƙofar kuwa kin san ta, ko ni sai na sunkuya. Muka auna da igiya a tsaye, muka auna a kwance, muka auna a karkace. Ko rabinsa ba zai wuce ba.

Yaya Tijjani, da yake shi mutumin zamani ne, ya ce wannan ai ba abin damuwa ba ne. Washegari sai ga shi da sabon kabad na famika a bayan akori-kura, fari fat, yana walƙiya, har da madubi a ciki. Inna ta fito ta zagaya shi, ta ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, ta sa masa albarka, sannan ta ce ya kai wa matarsa Atika, zai dace da ita. Da ya matsa, ta ce abin da in ka ƙwanƙwasa yake amsawa kamar gwangwani ba zai riƙe mata ko tukunyar man shanu ba. Muka kirawo Labaran kafinta ko zai kwance shi. Ya duba ya duba, ya ce madaci ne, kuma babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, haɗin tsofaffi ne da aka cusa katako cikin katako, shekaru sun riga sun haɗe shi ya zama abu guda. In dai ana so ya fita ta ƙofar nan, sai dai ya sa zarto ya raba shi biyu. Inna kuwa ruwa ta sa aka kawo masa, ta yi masa godiya, ta ce ya gaida mutan gida.

Saura hanya ɗaya, a fasa bango. Ni na kawo wannan shawara, ni kuma na sha faɗan da ban sha irinsa ba tun ina yaro. Ta ce ɗakin da Malam ya gina da hannunsa, in baƙi suka rushe shi wannan ikon Allah ne, amma ba za ta zauna tana kallo 'ya'yansa su ɗaga diga a kansa ba. Kuma ba za ta taka ko'ina ta bar kabad ba. Ta koma ta zauna a kan tabarmarta a gindinsa, ta ce in katafilar ta zo ta same su tare. Kin san Inna in ta kafe. Kawu ya zo ya yi magana, liman ya zo ya yi nasiha, ta saurare su da ladabi, ko gezau.

A nan ne hankalina ya tashi ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba. Unguwa ta zama kufai, gidanmu kaɗai ke fitar da hayaƙi. Katafila ta fara aiki daga bakin titi, kullum in na taso daga aiki sai in tarar ta ƙara matsowa, har ƙararta tana sa gilasan kabad suna rawa. Inna kuwa kullum da safe sai ta ɗauki tsumma ta goge shi kamar babu abin da ke faruwa. Ta sauke tasoshi da kwanukan shan da ke sama ta wanke ta mayar, ta buɗe ƙasa ta gyara ninkin zannuwanta, ta leƙa aljihun da take ajiye kanwa da daddawa da turaren wuta, ta kulle, ta ɗaure makullin a haɓar zane. Abinci ma ta rage ci. Na ga idonta ya faɗa, na ji tsoro kada mu rasa ta a kan katako.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ina tura keke zuwa gida, sai na tarar da Muntari magini, maƙwabcinmu na yamma, yana loda wa jakuna ƙasar tsohon bangonsa. Na tsaya muna gaisawa, na tsokane shi na ce ko a Panshekara ƙasa ta ƙare ne. Ya yi dariya ya ce shi ba zai bar ƙasar da ubansa ya taka ya cuɗa da ciyawa a bi ta kanta da mota ba, da ita zai ta da ɗakinsa a can, kuma ta fi sabuwa ƙwari. Abin da kowa ya sani ne a Sharada, mu ma mun sha gani, amma sai ranar ya shige ni. Ban ƙarasa jingine keken da kyau ba na shiga wurin Inna, na durƙusa, na ce mata ba rushe bangon za mu yi ba, ɗauke shi za mu yi. Za mu cire tubalan Baba ɗaya bayan ɗaya, mu kai su Panshekara tare da kabad, mu ajiye shi a fili, mu zagaye shi da su kamar yadda shi ya yi. Ta ci gaba da jan carbinta. Can ta ce, “In haka ne, ku fara da bisimilla, kuma kada wanda ya jefar min da ko ɗaya.”

Yaya, da kin ga aikin nan. Na yi gayya a wurin aikinmu, ranar Lahadi da sassafe sai ga abokan aikina sun cika gida, mutanen Ringim da Haɗeja, har da 'yan ƙasarku biyu da suka ce sun san unguwarku. Mata suka kwashe kayan ciki a kwanduna. A nan asirin mutane ya tonu, domin a bayan tasoshin sama an samo tsohon tandun kwalli, Inna ta ce na wadda take tsayawa gaban gilashi tana fente ido ce ana kiranta ta ƙi amsawa. Ban faɗi suna ba, amma ke kin san kanki. Muka lulluɓe kabad da katifa da buhuna, Muntari ya tokare azarar rufin da gwafanni don kada soron ya rufto, sannan aka yi ta yayyafa wa bangon gabas ruwa har yaɓen ya yi laushi. Babu wanda ya ɗaga diga. Da 'yan ƙarafa da hannu aka riƙa ɓamɓarowa, ana miƙa wa na baya, shi ma ya miƙa wa na bayansa.

Tubalin farko da ya fito ɗungurungum, sai ga shatin yatsun Baba a jikinsa, inda ya dafa shi yana ɗanye. Na kai wa Inna. Ta ɗora hannunta a kan shatin, ta ce hannun Malam ne, ga gajeren yatsan nan da lauje ya taɓa cinye masa. Na juya baya na share hawaye, na tarar Yaya Tijjani ya riga ni. Daga nan ya tuɓe babbar rigarsa ya shiga layi, shi da ya ce mana zai zo ya duba ne kawai.

Kafin azahar bango ya buɗe, rana ta haska kabad ɗin a karo na farko tun muna yara. Ɗaga shi kuwa sai da ƙarti suka yi nishi. Aka zura itatuwa a ƙarƙashinsa aka ɗauko shi kamar amarya, Inna na biye tana cewa a yi a hankali da kusurwar hagu. Yaya Tijjani ya roƙo babbar mota a wurin aikinsu. Aka ce Inna ta shiga gaba kusa da direba, ta ce atafau, a ɗora mata kujerarta a baya. Haka muka ratsa Sharada, tsohuwa a zaune a bayan mota ta dafa kabad da hannu ɗaya, tubala jibge a gefenta, direba na tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Muka yi kiciɓis da masu canjin aiki suna fitowa daga kamfanoni, suka riƙa buga ƙararrawar keke suna ɗaga mata hannu, ita kuma tana amsawa da kai sai ka ce wadda ta dawo daga Makka. Ko gilashi ɗaya bai tsage ba. Bayan tashinmu da 'yan kwanaki katafila ta bi ta kan gidan, ba ta tarar da komai ba sai abin da muka ga dama muka bar mata.

A Panshekara muka ajiye shi a kan duwatsunsa na asali, muka kewaye shi da zana muka rufa masa tamfol, Inna ta ƙi ɗakin bulon da muka ware mata, ta sauka a ɗakin Zaituna tana leƙa shi safe da yamma. Muntari ya kama gini. Tubalan da suka fashe aka jiƙa aka sake cuɗawa, inda ba su isa ba aka ƙara da sabuwar ƙasa. Yanzu a tsakiyar gidan bulo akwai ɗakin ƙasa guda ɗaya, masu wucewa suna ta tambaya, ni kuwa ban taɓa alfahari da wani abu kamar yadda nake yi da shi ba. Inna ta tare makon jiya. Ta jera tasoshinta, ta ba langar da na gasa da hannuna wuri a sama, ta sa turare, ta ci tuwo har ta nemi ƙari. Kabad ɗin famika yana ɗakin Atika, kowa ya samu nasa.

Ki gaida mini Malam Isyaku da kyau, ki ce ina yi masa fatan alheri. Ki gaida Zainab da Ladi da ƙaramin da ban gani ba tukuna, da surukarki Hajiya Ma'u, Allah ya ƙara mata lafiya. Yaya Tijjani da Atika da Zaituna duk suna gaishe ki, Kawu ma ya ce a sa sunansa.

Saura saƙo ɗaya, shi ne ma dalilin takardar. Lokacin da gini ya kai wurin ƙofa, Muntari ya ce bari ya faɗaɗa ta yadda ko gaba aka so fitar da kabad zai fita salin-alin. Dukanmu muka ce wannan shi ne hankali. Inna ta ce a'a, a yi ta daidai da ta da, ko taƙi kada a ƙara. Na tambaye ta dalili, bayan duk wahalar da muka sha. Kin san ba ta taɓa kama sunanki ba, kuma ba ta taɓa cewa tana kewarki a gaban mutane ba. Ta kau da kai tana gyara bakin zane, ta ce, “Bayan raina kabad ɗin na waccan ce, ta Damagaram. In tana son kayanta, sai ta zo inda suke.” Sannan ta ƙara da cewa in zan rubuta, in gaya miki ba sai kin jira bayan ranta ba.

Wassalam.

Ƙaninki,
Gwadabe Sule