Abin da Baba Ya Gani da Gilashin Agogo

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da karatu da abokan ɗakinki. Mu ma lafiya lau, sai ƙafar Mama da ke damunta in ta daɗe a tsaye.

Yau Malamar Turanci ta karanta sunayen mutum huɗu da za a mayar ajin baya, har da nawa. Ni, Yaya! Sai da ta maimaita kafin na gane ni ake nufi. Ta ce Baba ya zo jibi.

Zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Malama tana da doka: duk wadda ta ci goma bisa goma sai ta fito gaban allo ta yi wa aji bayani. Kin san ni, ko gishiri aka aike ni saye sai na yi ta bitar maganar a hanya. A makon farko wata ta fita, bakinta ya sarƙe, aka yi ta kwaikwayonta har aka tashi. Daga ranar na samo dabara. Ina rubuta amsar daidai da fensir, sai in goge wasu in sa na kuskure. Da farko biyu nake ɓatawa. Da muka shiga darasin sifa da bayanau, inda ake zaɓa tsakanin slow da slowly, ko careful da carefully, abin ya zo mini da sauƙi har na tsorata, na koma ɓata biyar, shida. Wallahi ban san ana tara makin aikin aji ba.

Don Allah kada ki gaya wa Mama.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, takardata ta farko ma ba ta iso miki ba, ga wata.

Baba ya rufe teburin gyaran agogonsa ya zo. A ofis Malama ta buɗe masa littafina, shafi bayan shafi duk jan biro. Kin san Baba ba ya karanta Turanci. Ya karɓa ya yi ta shafa takardar da babban yatsa. Can sai ya ciro ɗan gilashin nan da yake maƙalawa a ido, ya juya wajen taga.

Ya ce shi bai san me aka rubuta ba, amma ya san wurin da hannu ya taɓa sau biyu. Wai duk inda aka ja jan layi takardar ta yi laushi, kuma akwai sawun wani rubutu a ƙasa. Ya miƙa wa Malama gilashin. Yaya, da kin ga Malama da ido ɗaya a rufe tana karanto amsoshin da na goge! Ta karanta takwas a jere, duk daidai. Ta ajiye gilashin ta zuba mini ido. Ban san lokacin da na fashe da kuka na faɗi komai ba.

Ta ce shekara goma sha biyu tana koyarwa, ta ga ɓarayin amsa iri-iri, amma yau ta fara ganin wadda ke yi wa kanta sata. Ta yanke hukunci: ran Litinin zan yi sababbin jimloli goma a allo, da bayani da bakina, in ba haka ba sunana yana nan.

A hanya Baba ya yi ta tafiyarsa a gaba, ina biye da shi. Da ya yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Ki yi mini addu'a.

Taki,
Auta

Yayata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki, Mama ma tana gaishe ki. Ta ji komai, ta riƙe baki ta ce ita ba ta san irin abin da ta haifa ba.

Na fita, Yaya. Alli ya karye a hannuna tun a jimlar farko. Na fara bayani, Doguwa da ke zama a layin baya ta ɗaga murya wai sauro ne ke magana ko mutum. Aka yi dariya. Malama ba ta tsawata musu ba, ta ce in sake. Na kalli allo, jimlar a kan wata mota ce, na ce slow motar yake siffantawa, slowly kuma yadda take tafiya yake faɗi. Wata ta ce in maimaita, ta rubuta. Maganata fa ta rubuta! A jimla ta shida na lura ba mai dariya.

An cire sunana. Malama ta karɓe kilinata ta goge fensir ta jefa a durowarta, wai sai na gama makaranta.

Da na dawo gida na tarar da sabon biro a kan matashina. Baba yana tsakar gida yana alwala, bai ko ɗago kai ba. Da shi na rubuta miki wannan, shi ya sa kika ga kurakurai na nan yadda suke.

Ƙanwarki mai kewarki,
Auta