Faifan da Ke Ɗauke da Sunan Zauresh

Almaty, farkon Oktoba

Zuwa ga Yayana Marlen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wasiƙar nan ta same ka lafiya, kai da Yaya Dina da yara. Yaya gwiwar taka? Yaya sanyin Hanover? Mu nan lafiya lau, tuffa ta nuna har ta fara zuba.

Saƙonka ya iso, faifai biyu da doguwar takarda. Na karanta bayaninka kaf: makaɗan Vienna gogensu zuma ne, na Berlin ƙahoninsu sun fi kaifi, naɗin da aka yi a can zamanin baya ya fi na yanzu ɗumi. Na ji, malam likitan haƙori. Sai dai na duba har bayan takardar ban ga inda ka tambayi abin da ƙungiyarmu ta makaɗa ke kaɗawa a bana ba. Kai ka ajiye goge tun kana saurayi, ni na riƙe shi har furfura, amma kai ne alƙali. Inda ba ƙasa, nan ake gardamar kokawa. Ban manta zuwanka na ƙarshe ba, da ka zauna a sahun gaba, aka tashi ka sumbaci goshina ka ce, "Kun yi ƙoƙari, gwargwadon halinku." Da mari ka yi mini da ya fi saurin warkewa.

To ga labari. Daraktanmu, Temirlan, ya samo wani attajiri da zai ɗauki nauyin naɗa mana faifai, irin wanda ake sayarwa a ƙasashenku. An ɗauko jagoran kiɗa daga Jamus, sunansa Halder. Kuma ka san abin da za a naɗa? Dogon kiɗan nan da a tsakiyarsa kowa ke yin tsit a bar goge ɗaya yana kuka shi kaɗai, wanda Baba ya koya mini a ɗakin girki. Ni ce shugabar masu goge, don haka wurin nawa ne. Baɗi zan yi ritaya, Yaya. Ban taɓa barin komai a faifai ba sai wannan.

Ka gyara masa wuri a kantarka, ko da can ƙasa ne kusa da takalma.

Ƙanwarka,
Zauresh

Almaty, tsakiyar Disamba

Yaya Marlen,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na gode da maganin yatsu, yana taimakawa. Dusar ƙanƙara ta rufe duwatsu, hayaƙi ya rufe gari.

An gama naɗi. Halder bai zo shi kaɗai ba, ya taho da ayarin matasan makaɗa daga can, wai don a ƙara mana ƙarfi. Ranar farko ya saurare mu yana murmushi, washegari aka sake mana wurin zama. Tsofaffinmu aka tura baya, nesa da makirufo. Ka tuna Tolik mai ƙaho, wanda ya busa a jana'izar Baba hannunsa na daskarewa? Shi cewa aka yi ya huta. Ya zauna a baranda da ƙahonsa a cinya, duk wanda ya wuce sai ya ce masa, "Ni yanzu mai gadi ne, ku nuna takardar shiga." Muna dariya, amma ba wanda ke iya kallon idonsa.

Ni ba a taɓa kujerata ba. An zaunar da wata yarinya kusa da ni, Liese, sa'ar 'yarka. Hannunta tsaf, ba ta kuskure, ba ta gumi. Na kai ta gida na dafa mata naman doki da taliya, ta ci har ta nemi ƙari, tana ce mini Mama Zauresh.

Wurina na kaɗa shi yadda Baba ya koya mini, da ɗan jan nan da muke yi kafin a sauka kan sautin ƙarshe. Da na gama, Halder ya sauko ya sumbaci hannuna a gaban kowa ya ce, "Wannan daga zuciya ya fito." Na koma gida a ƙasa, ban ji sanyi ba.

Sun ɗauki naɗin sun tafi da shi Jamus don a tace. Sai bazara.

Taka,
Zauresh

Almaty, ƙarshen Afrilu

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Yaya Dina, Allah ya raya jikan da aka samu. Ka yi haƙuri da shirun da na yi maka. Wasiƙarka ta daɗe a kan teburina, in ɗauka in ajiye.

Ka ce ka jera faifanmu da na Vienna da na Berlin, ka saurare su ɗaya bayan ɗaya, kuma a wurin gogen nan tilo namu ne ya yi zarra. Ka ce ka yi kuka. Ka ce ashe shekaru kana zaluntata, kuma ko a cikin dubu za ka gane hannun ƙanwarka. Ka sayo da yawa ka raba wa abokan sauraronka, har kuna so in zo Hanover in kaɗa muku.

Yaya, ba ni ba ce.

Ranar da faifan ya iso, Temirlan ya tara mu a ofishinsa, da shayi da ƙosan fulawa, aka kunna. Ƙungiyar da na ji ban san ta ba, amma na ce aikin tacewa ne. Sai aka zo wurina. Tun jan farko na gane ba hannuna ba ne. Tsirkiyar ƙasa ta gogena tana da 'yar dishewa, kai ma ka san ta, gogen Baba ne. Wannan kuwa garau yake kamar ruwan kwalba. Jan nan na ƙarshe babu shi. Aka tafa mini, ni kuma ina kallon sunana a bango: Goge tilo, Zauresh Ospanova.

Na tsare Rinat, mai kula da na'urorinmu, a matakala. Ya yi ta 'yan kame-kame, daga baya ya ce, "Goggo Zauresh, don Allah kar ki ce ni na faɗa." Bayan sun koma, Halder ya sa Liese ta sake kaɗa wurin a can, aka yanke nawa aka liƙa nata. Wai nawa ya yi tsohon yayi, masu sharhi za su yi dariya. Mutumin da ya sumbaci hannuna ke nan, da yarinyar da ta ci a akushina.

Na koma wurin Temirlan na ce a cire sunana. Ya rufe ƙofa ya ce, "Haba, Zauresh, wa aka cuta? Ita an sallame ta, ke kin samu suna. Mujallar waje ta sa mu sahu ɗaya da manya. In maganar nan ta fita, attajirin zai janye, a rufe ƙungiya. Ke kina hanyar ritaya, sauran fa?" Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi, kuma a wannan karon ni aka mayar gardin.

Na je wurin Tolik, a zatona shi da aka wulaƙanta zai ce in tona. Ya juya cokali a shayi ya ce, "Yarinya, ɗana yana busa sarewa a ƙungiyar nan, matarsa na da ciki. Ki haɗiye. Mu da muka haɗiyi abin da ya fi wannan." Shekarata hamsin da takwas, har yau yarinya yake ce mini. Na haɗiye.

Saura ka ji ƙarshenta. Makon jiya aka yi bikin ƙaddamar da faifan, zaure ya cika, attajirin da iyalinsa a sahun gaba. Dole in tashi in kaɗa wurin nan da hannuna. Wallahi, Yaya, ban taɓa kaɗa shi kamar ranar ba. Haushi ne ko baƙin ciki, ban sani ba, amma gogen ya yi magana. Na hango Tolik a baya yana share ido. Washegari mai sharhin jaridar garinmu ya rubuta cewa Malama Ospanova ta yi ƙoƙari, sai dai ba ta kamo ƙafar kanta ta cikin faifai ba, shekaru ba sa ƙarya. Maƙwabciyata ce ta kawo mini jaridar, tana ba ni haƙuri, wai kowa yana da ranar da hannu ke ƙi.

Liese ta aiko mini da kati mai hoton furanni, ta ce tana kewar girkina. Ban amsa ba. Wataƙila ma ba ta san sunan wa aka sa ba, wataƙila ta sani. Ba ita ce ta fi ci mini rai ba. Halder baƙo ne, ya zo ya wuce. Temirlan ɗan kasuwa ne. Kai ne ka kwana ɗaki ɗaya da ni ina koyon wurin nan, kana toshe kunne da matashi. Kunnen da ke bambance zauren Vienna da na Berlin daga amsa-kuwwa kawai, shi ne ya kasa bambance ni da baƙuwa. Tun ina yarinya nake jiran kalma ɗaya daga bakinka, da ta zo kuma sai ta zo wa wata.

Kada ka faɗa wa abokanka, ba don ni ba, don ɗan Tolik. Ka ce musu yatsuna sun hana ni tafiya. Faifan ka bar shi inda ka sa shi, mai kyau ne, ba na musu.

Wasana na ƙarshe ranar Asabar ta ƙarshen Mayu ne. Kiɗan nan za a sake yi, na roƙa an yarda. Ba za a naɗa ba. Zan yi kuskure wataƙila, tsirkiyar za ta dishe, zauren namu kujerunsa suna ƙara. In kana son ka ji ƙanwarka, ka hau jirgi ka zo ka zauna. In ba za ka zo ba, kada ka aiko da fure.

Ka gaida kowa da kowa. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Zauresh